Tukunyar girafayit ta narka ƙarfe: ta ci kuɗinta, amma sai a hannun mai kula

Masu zubin ƙarfe a Zariya sun daɗe suna aiki da abin da hannu ya kai gare shi: gindin tukunyar gas da aka yanke, ko kwanson kwamfiresar firiji, ko bututu mai kauri da aka yi wa walda a ƙasa. Yanzu baƙar tukunyar nan ta girafayit da ake shigowa da ita daga waje ta fara shiga hannun maƙeran fari, da masu zuba kayan gyaran inji, da ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli masu aikin kammala karatu. Ita muka duba a nan, musamman irin wadda aka haɗa girafayit da yumɓu aka gasa, domin ita ta fi yawa kuma ita talaka zai iya saye. Ra'ayinmu a kanta shi ne kaya ce mai kyau, ta fi tukunyar ƙarfe nesa ba kusa ba wajen tsabtar zubi, sai dai yawancin waɗanda ke fashewa ba wuta ke kashe su ba. Danshi ne, da cusa ƙarfe mai sanyi da ƙarfi, da iskar fanka.

Girafayit shi ne baƙin abin nan da ke cikin fensir, kuma babu dalma a cikinsa ko kaɗan. Kabon ne zalla, ɗan'uwan gawayi, amma ƙwayoyinsa a jere suke shimfiɗa kan shimfiɗa kamar takardun da aka tara wuri guda: kowace shimfiɗa tana da ƙarfi ƙwarai a karan kanta, abin da ke riƙe ta da ta samanta kuwa mai rauni ne. Shi ya sa yake da santsi a yatsa yake kuma barin baƙi a takarda. Abin da ya shafi mai zubi shi ne zafi na gudu cikin shimfiɗun nan da sauri, jikinsa kuma ba ya buɗewa sosai idan ya ɗau wuta, don haka tukunyar ke jure shiga wuta da fita ba tare da ta tsage ba. Ba ya narkewa a murhu, sai ya haura digiri 3,600 a ma'aunin Salshiyas kafin ya tashi ya zama tururi. Narkakken alminiyam da tagulla da azurfa ba sa kama jikinsa, zamewa suke yi. Rauninsa ɗaya ne babba: tunda kabon ne, idan ya kai wajen digiri 500 kuma iska na dukansa, ci yake yi a hankali. Saboda haka masu ƙera tukunyar ke haɗa shi da yumɓu, galibi girafayit kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, sannan su shafe ta da wani rufi mai ƙyalli da ke narkewa ya toshe ƙofofin iska. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin kula da ita.

Girafayit mai manyan ɓarɓashi shi ya fi dacewa da wannan aiki, irin wanda Madagaska ta yi suna da shi, ƙasar Sin kuwa ita ta fi kowa haƙo shi a duniya. Tsohon suna a sana'ar shi ne kamfanin Morgan na Ingila, wanda ya fara a Landan a 1856, ya kuma yi suna da tukwanensa masu suna Salamander. Mu ma nan jihar Kaduna akwai girafayit a ƙasar Birnin Gwari, kuma abin takaici ne a ce har yau tukunyar da maƙerin Zariya zai saya sai ta ƙetaro teku. Mafi yawan waɗanda ake samu ba su da sunan kamfani a jiki, lamba ce kawai aka buga a gindi.

Lambar nan ita ce wurin farko da ake cutuwa. Idan mai shago ya ce maka tukunyar kilo 10 ce, yawanci nauyin jan ƙarfe ko tagulla ake nufi, an cika ta har baki. Lita guda ta narkakken jan ƙarfe tana kai kilo 8, ta alminiyam kuwa kilo 2.4 ne kacal. Ke nan tukunyar kilo 10 cikinta lita 1.25 ne, alminiyam kilo 3 za ta ci idan an cika ta maƙil, kuma ba a cikawa. Ana barin santimita 3 zuwa 5 daga baki don kada ya fallatsa lokacin ɗauka, sai ka ga abin da ya rage bai wuce kilo biyu da rabi ba. Mai son zuba alminiyam kilo 5 a tashi ɗaya, wadda aka rubuta wa 20 zai nema. Tunda kowane kamfani da irin lissafinsa, ka auna da kanka: cika ta da busasshen gero, ka juye a robar da ka san litarta. Kada ka kuskura ka auna da ruwa.

Ba kowane shagon kayan aiki a Sabon Gari ke ajiye ta ba, sau da yawa sai an aiko daga Kano ko Legas, kuma a hanya ne take samun raunin da ba ya nunawa sai ta shiga wuta. Idan direba ya sauke maka ita a Kwangila, buɗe kwalin a gabansa. Ɗora ta a tafin hannu ka ƙwanƙwasa gefenta da gaɓar yatsa: lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsabta, mai tsagewa kuwa amonta a dushe yake. Idan akwai biyu a gabanka ka gwada su tare, kunne zai raba maka su nan take. Haska tocila a ciki ka bi bango da ido, musamman inda gindi ya haɗu da jiki da kuma wajen bakin zuba. Rufin nan mai ƙyalli ya kasance ya game ko'ina, duk inda ya ɓantare nan iska za ta fara ci. Kaurin bango ya zama ɗaya a kewaye, ka laluba da yatsu biyu. Mai nauyi a hannu ta fi mai sakayau idan girmansu ɗaya, domin an fi matse ta wajen ƙira. Akwai kuma na bogi, yumɓu ne aka shafa wa baƙi: ka nemi wurin da babu rufi a ƙarƙashin gindi ka goga a farar takarda, girafayit na gaske zane mai ruwan toka da sheƙi yake bari, irin na fensir.

Sabuwar tukunya ba a jefa ta wuta kai tsaye. Jikinta na da ƙananan ƙofofi da ke shan laima daga iska, ruwan da ke ciki kuwa idan ya zama tururi farat ɗaya sai ya ɓalle bango, wani lokaci gindin ne ke faɗuwa gaba ɗaya. A fara ɗumama ta babu komai a ciki, a hankali, har zuwa wajen digiri 200, a ɗauki awa biyu ana yi. Wanda ba shi da ma'auni ya ajiye ta a bakin murhu kusa da garwashi, yana juya ta duk bayan minti goma sha biyar, fanka a kashe. Bayan nan a sa ta ciki, a tayar da wuta sannu a hankali har ta fara ja, sannan a ƙara iska ta yi jawur, wajen digiri 950, a riƙe ta haka kamar rabin awa. Wannan jan na ƙarshe shi ke narkar da rufin ya kama jiki ya toshe ƙofofi. Masu aikin alminiyam kaɗai su suka fi tsallake wannan mataki, saboda alminiyam a digiri 660 yake narkewa, ba sa ganin dalilin ƙona gawayi har haka. Amma a zafin alminiyam rufin ba ya kai ga narkewa, girafayit kuma ya riga ya wuce zafin da iska ke cinsa, sai tukunyar ta riƙa zama fari-fari tana gari a hannu. Idan ta yi jan, a bar ta ta huce a cikin murhu a rufe.

Ɗumamar nan ba ta ranar farko ba ce kawai. Daminar Zariya, musamman Yuli da Agusta, tana jiƙa duk abin da aka ajiye a daɓen siminti ko jikin bango. Tukunyar da ta kwana biyu ba a yi aiki da ita ba a wannan lokaci, a sake yi mata ɗumamar digiri 200 kafin a ɗora. Wurin ajiyarta kan katako ne, sama da ƙasa, a ɗaki busasshe, a kife, kuma ba a cusa ɗaya cikin ɗaya. Da hunturu matsalar ta juya: danshi ya tafi, amma iskar asuba mai sanyi na dukan gefe guda na tukunyar da aka fito da ita jawur. Idan an gama juye ƙarfe a mayar da ita murhu, ko a ɗora ta kan bulon wuta (bulon nan mai jure zafi) mai ɗumi ko busasshen yashi a inda iska ba ta kaɗawa. Siminti mai sanyi na tsaga gindi, shi kansa simintin yana iya fashewa ya yi tsartuwa.

Zaman da take yi a murhu ma yana da ƙa'ida. A sa mata bulon wuta a ƙasa, faɗinsa ya kai faɗin gindinta ko ya ɗan fi, domin idan ya gaza nauyin ƙarfe zai karya gefen da ke lilo. A shimfiɗa yankin kwali tsakanin bulon da gindin, zai ƙone ya bar baƙin toka da ke hana su mannewa. A murhun gawayi a bar tazarar santimita 5 zuwa 8 a kewaye don gawayi ya zagaye ta. Gawayin ƙirya da maƙera suka sani shi ya fi, yana da nauyi, yana daɗewa, tokarsa kaɗan ce, ita kuwa toka idan zafi ya yi yawa cin rufin tukunya take yi. Bakin bututun iska, na zugazugi ne ko na fankar lantarki, kada ya kalli jikin tukunyar. A karkata shi ya bi bangon murhu, wutar ta riƙa kewayawa. Za ka gane murhun da aka yi wa kuskuren nan daga tukunyarsa: gefe ɗaya ya yi fari ya rarake daidai tsayin bututun, sauran jikin kuwa lafiya lau. Mai aiki da gas ko baƙin mai ya daidaita wutar ta yadda ɗan harshe zai riƙa leƙowa ta ramin murfi, alamar ba a cika mata iska ba. Duk ɗorawa a ɗan juya ta, kada gefe guda ya yi ta shan wuta.

Sai lodi, inda yaran shago suka fi yin ɓarna, kuma ba laifinsu ba ne idan maigida bai nuna musu ba. Alminiyam idan ya ɗau zafi yana buɗewa kusan ninki biyar na yadda tukunyar ke buɗewa. Idan aka ɗauki guntun kan inji ko sandar ƙarfe aka gicciya ta a ciki, ta tokare bango biyu, to kafin ta narke za ta tura bangon ta tsaga shi daga sama zuwa ƙasa. Tsagewar tsaye mai kaifi, a tukunyar da ba ta tsufa ba, kusan kullum wannan ne sanadinta. A fara da ƙananan gutsattsari a ƙasa su narke su zama ɗan tafki, sannan a riƙa sa manya a tsaye, a sake, da awartaki, ba jefawa ba. Haka nan ba a barin ragowar ƙarfe ya daskare a ciki. Gobe idan aka ɗora, dunƙulen zai buɗe kafin ya narke ya fasa gindi. A tanadi ɗan rami a busasshen yashi ko kwanon ƙarfe mai ɗumi da za a juye ragowa.

Duk abin da zai shiga narkakken ƙarfe sai ya bushe ƙayau. Ɗigon ruwa a cikin gwangwanin lemo ko a ramin fistin ya isa ya watsa wa mutum wuta a fuska. A jera kayan a bakin murhu su yi zafi tukuna, haka ludayin kwasar datti da sandar juyawa. A cire zoben fistin da kusoshi da duk wani baƙin ƙarfe. Gwangwanin lemo ba ya ba da riba a wannan tukunya, siriri ne, fenti ya yi masa yawa, datti yake tarawa ya cika bango. Idan ana shakkar wani farin ƙarfe mara nauyi, a kankare shi a ɗiga masa ruwan binega: idan ya yi kumfa magniziyam ne, a ware shi, domin idan ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi.

Awartakin maƙera na yau da kullum bai dace da ita ba. Kama ta a leɓe da nauyin ƙarfe a ciki shi ke ɓantare baki. A sa mai walda ya ƙera wanda zai rungume ta a ƙasan tsakiya, ya zauna daidai da jikinta ba tare da matsi ba, da kuma zobe mai mariƙi na juyewa. Daga mai lamba 20 zuwa sama, idan tagulla ce a ciki, mutum biyu ke ɗauka. Kuɗin ƙera waɗannan a sa shi cikin lissafin sayen tukunyar tun farko.

A aikin kansa, inda ta burge mu shi ne tsabta. Narkakken alminiyam yana cin baƙin ƙarfe, don haka duk zubin da aka yi a gindin tukunyar gas yana kwasar ƙarfe daga bango. Wannan ƙarfen yana zama siraran allurai a cikin kayan da aka zuba, su ne ke sa fuli ko murfin inji ya karye kamar ƙashi maimakon ya lanƙwasa, kuma duk sake narka ragowa ƙara taruwa yake yi. A girafayit babu wannan. Ƙarfen na zubowa sumul, ɗan abin da ya rage a bango yana ɓarewa kamar takarda. Tana kuma riƙe zafi daga murhu zuwa wurin zubi fiye da tukunyar ƙarfe mai siririn bango. Sai dai ɗorawar farko ta fi jan lokaci saboda kaurin jikinta, ribar gawayi sai a ta biyu da ta uku take fitowa, don haka gara a tara aiki a yi shi a jere. A zuba alminiyam tsakanin digiri 700 da 750. Idan aka bar shi ya haura 800 yana shan iskar haidurojin, kayan su fito da ƙananan ramuka, sai a ɗora wa tukunya laifin da ba nata ba.

A tagulla da jan ƙarfe kuwa ba ta da abokin gasa a wannan farashi. Tagulla na narkewa wajen digiri 900 zuwa 940, azurfa 962, zinariya 1,064, jan ƙarfe 1,085, zafin da tukunyar ƙarfe ke yin laushi tana zubar da ɓawo. Mai narka tagulla ya sani tutiyar da ke cikinta tana tafasa a digiri 907, farin hayaƙin nan da ke tashi ita ce, shaƙarsa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare. A yi aikin a fili, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a rufe saman ƙarfen da gutsattsarin gawayi busasshe, kada a bar shi a wuta bayan ya narke. Baƙin ƙarfe irin na rodi bai dace da ita ba sam, yana shanye kabon daga bango.

Maganin datti, wato abin da ake zuba wa narkakken ƙarfe don datti ya rabu da shi, shi ma yana rage mata kwana. Gishiri da boraks (wani farin garin sinadari) duk suna cin rufi, musamman idan aka zuba su a tukunya babu ƙarfe. A jira ƙarfe ya narke, a sa kaɗan, gram 5 zuwa 10 a kowane kilo, a juya, a kwashe da wuri. Shafa boraks a cikin sabuwar tukunya al'adar ƙaramin farin kaskon maƙeran zinariya ce, girafayit ba ya buƙatarta. Dattin da ya kama bango a kankare shi tun tana da zafi, da ƙarfe mai lanƙwasasshen baki mara kaifi. Idan ya huce ya taurare ba ya fita sai da guntun tukunyar, idan kuma aka bar shi yana hana zafi shiga, yana tura bango.

Kowane ƙarfe da tukunyarsa, a rubuta a gindi. Wannan ya fi tsanani ga masu zuba tukwanen girki da ludaya: tukunyar da ta taɓa narka dalmar batir, ko tagullar famfo wadda sau da yawa akwai dalma a cikinta, kada ta kusanci alminiyam ɗin da za a dafa abinci a ciki. Dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma kankara ba ta fitar da ita daga ƙofofin bango.

Akwai 'yan'uwanta biyu a kasuwa. Ta silikon kabayid, wani sinadari mai tauri ƙwarai, ta fi tsada, ta fi saurin ɗaukar zafi, ta fi jure gishiri, ita ta dace da wanda ke ɗorawa kullum. Sai ƙananan kofuna na girafayit zalla da ake sa wa a murhun lantarki na maƙeran azurfa da zinariya. Waɗannan ba su da rufi, kowace ɗorawa suna raguwa, a murhun gawayi mai fanka kuwa ba sa daɗewa ko kaɗan. Lambarsu nauyin zinariya ce, azurfa kusan rabin haka za su ci. Don juya azurfa, baƙin sandan da ke tsakiyar babban batirin tocila yana aiki idan an wanke shi an ƙona shi ya yi ja tukuna.

Wanda ke zuba manyan tukwanen biki, kilo da yawa a tashi ɗaya, da yara masu ɗauka da gaggawa, zai ga tukunyar ƙarfe ta fi masa sauƙi, tana jure wurgi, idan ta huje kuma asarar kaɗan ce. Mai zuba kayan inji, da maƙerin tagulla da azurfa, da ɗalibin da za a gwada ƙarfin abin da ya zuba, su saya. Farashinta na bin dala, saboda haka lissafin da ya fi amfani shi ne a riƙa yin zane da alli a bango duk ɗorawa, ranar da ta mutu a raba kuɗinta da yawan zanen, a kwatanta da na tukwanen ƙarfen da aka saba canzawa da kayan da masu saye ke dawowa da su. Kafin kowace ɗorawa a duba ta tana sanyi. Idan aka ga tsagewa ko da siririya ce, ko bango ya rasa kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, ko ƙusa na shiga jikinta da ɗan dannawa, a ajiye ta. Ba a yi mata faci da laka ko siminti, facin na saki ne a lokacin da take cike a hannun mai ɗauka.